A Ina Aka Haifi Yaya Burahima

Litinin, 16 ga Yuni, bayan La'asar

Ranar Alhamis ɗin can ce ta ɓata komai, kuma ni ko kai ban ɗaga ba sa'ad da take ɓatawa. Ina kwance a tabarma ƙarƙashin dogon yaro ina karatu, na kai daidai inda matuƙin jirgi ya tsaya a ƙofar gidan su yarinyar cikin ruwan sama ya ƙi tafiya. Maigida ya shigo, dawowarsa ke nan daga reniyo, taron hukuma, a Damagaram, gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Bai nemi ruwa ba. Ya ce, "Balki, wai Yaya Burahima a ina aka haife shi?"

Na ce, "A Machina mana. Inna ta je goyon ciki gidan iyayenta." Na juya shafi.

Ya ce, "Machina ta Najeriya."

Na ce, "To da akwai wata?" Har da dariyata.

Shi bai yi dariya ba. Ya zauna a bakin randa, ya cire takalmi ɗaya, ya manta da ɗayan.

Sai daga baya ya yi mini bayani, guntu-guntu, kamar ana zare masa haƙori. Biro ɗinsa, wato ofishin da ya buɗe, shi ne ke samo wa kamfanin masu haƙa rijiyoyin foraj ma'aikata, shi ke yi musu takardu: magina ƴan Togo, direbobi ƴan Chadi, ƴan Najeriya, da namu na gida. A reniyon an gaya musu daga yanzu duk wata uku kowane biro zai aika rapor, wato rahoto, ofishin ƙwadago. Sunan kowane ma'aikaci, ƙasarsa, aikinsa, shantiyen da yake, wato filin aikin, da fotokopin katin shaidarsa manne a baya. Wanda baƙo ne, sai kwantiraginsa ya sha tampo, hatimin hukuma, kafin ya taɓa ko guduma. Ensifekta zai zo shantiye da kansa ya dubi fuskoki. Biron da aka kama da ƙarya, an karɓe izininsa.

Yaya yana walda a shantiyen nan tun kafin aurena. Da can maigida yakan rubuta "Nijar" a gaban sunansa, babu mai tambaya. Wa zai tambaya? Ɗan Malam Manzo ne, Babanmu. Amma katin da ke aljihun Yaya na Najeriya ne, tun yana koyon walda a Nguru ya yi shi. Na nan bai taɓa yi ba.

Tsakiyar watan gobe za a rufe karɓar rapor.

Talata, 17 ga Yuni, da hantsi

Hadari ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi, ya watse. Na buɗe littafin, na rufe. Matuƙin jirgin yana nan tsaye a ƙofa, ruwa na dukansa. Ya yi ta tsayuwa.

Laraba, 18 ga Yuni, bayan Azahar

Yaya ya zo. Daga shantiye ya taho, tabaran walda na rataye a wuyansa. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure, na kai fura, na dawo na tsaya bayan ƙyaure ina riƙe da ludayin da na manta ban ba su ba.

Da fari wasa yake yi. Ya ce, "Idirisa, na ji an ce na zama ɗan ƙasar waje. To sai ka fara biyana da dala, ka sa a riƙa ɗauko ni da mota mai sanyi."

Maigida ya ce, "Yaya, maganar ba ta wasa ba ce."

"Wa ya ce wasa ce? Rubuta abin da ka saba rubutawa."

"To me zan manna a baya?"

"Manna hotona. Duk Gure wa bai san fuskar nan ba? Wa ya koya maka keke a gangaren dutse, ka faɗa cikin ƙaya kana kiran uwarka?"

"Kai ne, Yaya."

"Wa ya sa ubana a kabari a garin nan?"

"Kai ne. Amma rapor ɗin ba ni zan karanta shi ba. Mutumin da zai karanta bai san gangaren dutse ba, kati zai duba."

Na ji ƙarar ƙwarya, Yaya ya kurɓi furar haka nan ba ludayi.

Maigida ya ce akwai hanya. Ya rubuta shi baƙo na ɗan lokaci, ya roƙi kamfani su nema masa tampo, kafin nan a je jastis, wato kotu, a yi masa takardar ɗan ƙasa, tun da Baba ɗan nan ne.

Yaya ya ce, "Ka ce in je in roƙi alƙali ya yarda ni ɗan ubana ne."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ne mana. Ka faɗa da Faransanci ne kawai ya yi daɗi."

Da zai fita ya gan ni. Ya dubi ludayin, ya dube ni, ya ce, "Auta, koma ciki, tsayuwa ba ta kamace ki ba yanzu." Kunya ta kama ni. Ashe ya lura. Kowa ya lura, ni kaɗai nake ta faman sassauta zane ina ganin kamar na ɓoye.

Juma'a, 20 ga Yuni, da safe

A littafi, da yanzu jarumin ya yayyaga takardar a gaban kowa, ya ce a rufe biron, ya kama hannun matarsa sun fita. Na kwanta ina shirya wa maigida maganar da zai faɗa, kalma bayan kalma. Da ya tashi sai ya tambaye ni ina safarsa.

Asabar, 21 ga Yuni, bayan Azahar

Ni da Habsu, matar Yaya, mun buɗe adakar Baba da ke ɗakinsu, ko za mu sami katinsa ko takardar haihuwarsa. Gara ta riga mu. Abin da ya rage: carbi, wata hula, da garin takarda da ya cika mana hanci. Habsu ta ɗebo shi a tafin hannu ta ce, "Ga ɗan ƙasancin mijina nan, uwar biro. Kai wa mijinki ya buga masa tampo."

Muka yi dariya har na riƙe gefen cikina. Sai dariyarta ta tsaya wuri guda, kamar an ɗauke wutar kuran.

Na tambaye ta ko ta gama littafin da na ara mata, na malamar asibitin nan. Ta ce ba ta fara ba. Habsu da ke cinye littafi kafin tuwo ya nuna.

Lahadi, 22 ga Yuni, Magariba

Zafi. Na share tsakar gida sau biyu. Na jera littattafaina daga manya zuwa ƙanana, na sake jera su bisa launin bango. Ina son in ci wani abu, ban san ko mene ne ba.

Litinin, 23 ga Yuni, bayan Azahar

Na kai masa abinci biro da kaina, na ce ƙafa nake son miƙewa. Mutane cike a inuwar katanga, kowa da leda a hannu, takardu a ciki. Wani magini ɗan Togo ya tashi ya ba ni benci, yana cewa, "Madam zauna, ni tsaye, ni babu gaji." Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi. Ya nuna mini ledarsa da alfahari: fasfo, kwantiragi, tampo shuɗi biyu. Bara ya zo Gure. Bai san ko sunan unguwarmu ba, kuma komai nasa daidai ne.

Ban ji haushinsa ba. Na so in ji, ban ji ba. Ya nuna mini hoton ƴarsa a waya.

Maigida yana ciki gaban odinata, kwamfutar biro, yana kiran su ɗaya bayan ɗaya. Sunanka. Ƙasarka. Aikinka. Kawo kati. Na tsaya ina kallon bayan wuyansa. Ya rame. Da ya juyo ya gan ni sai ya ce, "Me ya fito da ke cikin ranar nan?" Na ajiye kwanon na fito.

A hanya na lissafa mutanen da ke inuwar katangar nan, sai na bari. Ba na son in san yawan bakin da ke ci ta ƙofar biron. In na sani, sai in fara ba shi gaskiya.

Laraba, 25 ga Yuni, da hantsi

Kamfani sun ce a'a. Ba za su nemi tampo saboda mai walda ba, masu walda ƴan ƙasa suna nan da yawa.

Ƴan ƙasa.

Alhamis, 26 ga Yuni, bayan La'asar

Yaya ya yarda ya je jastis. Habsu ce ta yi ta kuka har ya je. Sun karɓe shi da mutunci, aka ba shi kujera. Aka ce abu ne mai yiwuwa: a nemo shaidar Baba a meri, ofishin magajin gari, a kawo dattawa biyu, a kawo takardar haihuwarsa daga can Machina, a haɗa dosiye. Ya ce zai ɗauki kwana nawa? Aka ce watanni, in Allah ya sa an dace.

Ya biyo ta nan ya gaya mini a tsaye, bai shigo ba. Ya ce, "Magatakardan ma yaron Abatcha mai nama ne. Ni na yi wa ubansa ƙofar shago. Yana ce mini Baba, yana tambayata a wace ƙasa aka haife ni."

Na ce, "Yaya, shigo ka sha ruwa."

Ya ce, "Na sha a gida."

Juma'a, 27 ga Yuni, da safe

Na tuna Baba yakan ce, "Takardar yaron nan, bayan girbi za a yi." Na ji shi ya faɗa ina ƙarama, na ji ya faɗa ina budurwa. Ba sakaci ba ne, ni dai ban ɗauke shi sakaci ba. Babu wanda ya taɓa tare Yaya a hanya. Mu da Machina kasuwa ɗaya muke ci, aure ɗaya muke yi. Bayan rasuwar Baba Inna ta koma can wajen ƴan'uwanta kamar mai ƙetare titi.

Ɗan da ke cikina ya motsa yau da ƙarfi, har littafin da na ɗora a kai ya zame.

Lahadi, 29 ga Yuni, bayan Azahar

Inna ta kira. Ba ta gaishe ni da kyau ba.

Ta ce, "Wai me mijinki yake yi wa Ɗan Talata?" Haka take kiran Yaya, ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ɗan fari ne.

Na ce, "Inna, ba shi ba ne, doka ce."

"Doka ce ta zo neman aurenki? Doka ce ta durƙusa a gaban yaron nan ya ba ta ke?"

Ta numfasa, sai murya ta sauko. Ta ce ta ƙirga, na shiga wata na bakwai, lokaci ya yi da zan taho gida. Ta sayi itace ta tara a bayan ɗaki. Ta aro babbar tukunyar wanka wajen Ya Fanna. Ta ajiye kanwa mai kyau ta kunu. Ta ce, "Cikin fari ba a sauke shi a gidan miji. Haka na yi, haka uwata ta yi."

Na ce, "Haka kika yi, Inna."

Ta ce, "Me kika ce?"

Na ce ba komai, layin ne.

Tun da aka yi mini aure nake mafarkin tafiyar nan. Ɗakin Inna, ƙamshin turaren wuta, ruwan zafi da ganye safe da yamma, a dama mini kunu ina kwance ba mai cewa tashi. Shi kuma ya zo ran suna da sabuwar shadda, ya tsaya a zaure yana jin kunya, ni ina leƙensa ta labule. Har kalar shaddar na zaɓa masa a raina. Ruwan toka.

Litinin, 30 ga Yuni, Magariba

An yi yayyafi, bai ko kwantar da ƙasa ba. Mutane sun fita da iri sun dawo da shi.

Laraba, 2 ga Yuli, da hantsi

Habsu ta aiko mini da littattafaina duka, har waɗanda na ce ta riƙe. An ɗaure su da tsumma. Babu saƙo.

Alhamis, 3 ga Yuli, bayan La'asar

Na roƙi maigida. Ban taɓa roƙonsa wani abu ba, ko ɗan kunne. Na durƙusa, da ƙyar, na ce ya rubuta "Nijar" wannan karon kawai, ya ce katin ya ɓace, kafin wata uku masu zuwa dosiyen ya fito. Ai ba ƙarya ba ce. Yaya ɗan nan ne.

Ya ce, "Tashi, don Allah, tashi." Ya kama ni ya zaunar.

Ya ce shi ma ya san ba ƙarya ba ce. Amma kamfani na da fotokopin katin Nguru a dosiyensu tun ranar da aka ɗauke shi. Ensifekta zai haɗa biyun. Ya ce, "In aka rufe ni, Yaya bai tsira ba, kuma sauran duk sun bi shi. Ki gaya mini wanda zan zaɓa in ce masa ya koma gida."

Na ce, "Ka riga ka zaɓa."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Wataƙila daga wani littafi. Ya dube ni kamar na watsa masa ruwan zafi, ya ɗauki hularsa ya fita masallaci tun ba a kira ba.

Juma'a, 4 ga Yuli

Ba mu yi magana ba. Ya ci tuwon duka, ya wanke hannu, ya ce an gode, kamar baƙo.

Litinin, 7 ga Yuli, bayan Azahar

Ya aika rapor ɗin.

Talata, 8 ga Yuli, da safe

Na kasa zama. Na fita ƙofar gida, na dawo, na fita. Na wanke kayan da ba su yi datti ba. Na buɗe littafin matuƙin jirgi daga ƙarshe don in ga ko sun yi aure. Sun yi. Ban ji komai ba.

An sallami Yaya jiya da yamma. An ce shugaban shantiye har ya rako shi bakin ƙofa yana ba shi haƙuri, yana cewa da zarar takarda ta fito ya dawo. An ce Yaya ya cire tabaran daga wuyansa ya miƙa masa da hannu biyu.

Ban je gidansu ba. Na sa mayafi, na cire.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan La'asar

Shi ya zo. Ya tsaya a ƙofa kamar wancan karon. Ya ce zai tafi Machina ran Lahadi, daga can ya nemi aiki a Nguru wajen tsohon maigidansa. Habsu da yara za su bi shi bayan damina.

Na ce, "Dosiyen fa?"

Ya ce, "Ƙasar da ta ce ni nata ne, can zan je in ci abinci. Dosiye ya jira." Sai ya yi murmushi, irin nasa na gefen baki. "Inna ta ce in taho da ke. Na kama miki gidan gaba, kusa da direba, kada rami ya wahalar da ke. Ki haɗa kaya. Kada ki cika jaka da littattafan ƙaryan nan, mota ba ta ɗaukar soyayya."

Na yi dariya, hawaye na zuba. Ya ce, "Ke dai Auta ba ki girma."

Alhamis, 10 ga Yuli, da hantsi

Na haɗa jaka. Zannuwa, turare, ƴan rigunan da na ɗinka a ɓoye. Na zuge ta, na ajiye bayan ƙofa. Ina wucewa ina kallonta.

Alhamis, Magariba

Na kwance jakar.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan Azahar

Na sake haɗawa. Maigida ya shigo daga masallaci ya same ni a kai. Ya tsaya. Wannan ce doguwar maganarmu ta farko tun ranar da na durƙusa.

Ya ce, "Ba zan hana ki ba, Balki. Al'ada ce, kuma haƙƙin Inna ne. Na san ba ki son ganina yanzu. Ki je ki huta."

Na ce, "Can za a haife shi."

Ya ce, "To, sai me? Ɗana ne ko a ina ya faɗo. Ni da aikina ke nan? In kun dawo, in abubuwa sun lafa, takarda za a yi."

Na ɗago na dube shi. Da gaske yake. Fuskarsa cike da kirki, irin kirkin Baba.

Na ce, "Bayan girbi?"

Bai gane ba. Ya ce, "Ko kafin nan ma."

Asabar, 12 ga Yuli, da safe

An kwana ana ruwa, na farko mai ƙarfi. Gari ya fita shuka, unguwa shiru sai kwaɗi. Na taka a hankali har matanite, asibitin haihuwa, ba ranar awona ba ce. Na zauna a benci ina kallon masu fitowa da jarirai. Ungozomar da ke duba ni ta leƙo ta ce, "Balkisa, lafiya? Ciwo?" Na ce a'a, hutawa nake yi. Ɗakin ba shi da ƙamshin komai sai magani. Gadon ƙarfe ne, fentinsa ya kankare. Babu wanda zai dama mini kunu a nan. Wankan ma ban san wa zai yi mini ba, Habsu ba ta gaishe ni yanzu.

Inna za ta ce na zaɓi miji na bar uwa. Yaya zai ce na bi bayan wanda ya kore shi. Duk wanda ya ji zai ce haka, kuma ba ni da bakin da zan ce musu ba haka ba ne. Ban huce da maigida ba. Ban san ranar da zan huce ba.

Na daɗe a bencin, har rana ta taɓa ƙafata.

Lahadi, 13 ga Yuli, da hantsi

Na je tasha da ƙullin dabino da soyayyen nama na Inna. Yaya yana tsaye gefen mota, ana ɗaure injin waldarsa a sama. Ya dubi hannuna, ya dubi bayana, ko wani na tafe da jaka. Babu kowa.

Ya ce, "Shi ya hana ki?"

Na ce, "A'a, Yaya. Shi cewa ya yi in je."

Ya daɗe yana kallona. Direba na ta danna oda. Ya karɓi ƙullin, ya ce wa wata tsohuwa da ke baya ta dawo gidan gaba, an biya. Bai ce mini Auta ba. Ya ce, "Ke za ki gaya wa Inna da bakinki."

Na kira ta tun motar ba ta fita daga tasha ba. Na gaya mata. Ta ce, "Itacen fa?" Sai ta kashe.

Ba zan tafi ba. A Gure zan haihu.